Hannun Junaid

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Alhamdu lillahi. Ɓerayen da na yi wa tiyata jiya duk sun kwana lafiya, da safe na tarar suna kokawa a kan abinci. Har 'yar guɗa na yi ƙasa-ƙasa a ɗakin bincike. Allah ya sa ba wanda ya ji, Dakta Sadiyatu da girmanta.

Tun dawowata daga Holan nake jiran wannan rana. Madubin tiyatar nan ya fi shekara a cikin kwali, yau babu kaza, gobe babu kaza. Yanzu ga shi a kan tebur, ga hantsakai, ga zaren da in ya faɗi ƙasa sai dai a yi haƙuri. Ga kuma tabarmar ɗumi ta lantarki da na cuso a akwatina, na baro rigunan sanyina saboda ita. Malamata a can maganarta ɗaya ce kullum: ɓeran da aka yi wa aiki, in ya yi sanyi ya mutu. Daga tebur sai kan tabarma, a kai zai farfaɗo, a kai zai kwana. Haka na koya, haka kuwa za a yi.

Juma'a, 17 ga Janairu

Na je gidanmu a unguwar Hubbare bayan an sauko daga Juma'a. Tun daga zaure Yaya Hindu ta fara: “Ga likitar kusa nan ta iso, a ɓoye tarko!” Kusa, wato ɓerayena. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla. Akwai wani siririn bututu da ke kwashe ruwan ɗaci daga hanta zuwa hanji. Muna ɗaure shi, hantar ɓeran ta taurare kamar ta masu ciwon da ke cika asibiti. Bayan 'yan makonni mu sake buɗe shi, mu ɗinka bututun a jikin hanji a ƙarƙashin madubi, mu ga ko hantar za ta dawo. In ta dawo a ɓera, akwai abin da za a fara fata a mutum.

Ta saurare ni tsaf tana tsinke zogale. “To, in dai kina yi musu bisimilla. Ki dai sani rai na, za a tambai ki.”

Ina yi. Da maganin barci, da na kashe zafin ciwo. Ba na wasa da wannan.

Laraba, 22 ga Janairu

Farfesa Maigandi, shugaban sashenmu, ya haɗa ni da ɗalibi. Junaid. Likitan dabbobi ne a ma'aikata, sun ba shi hutun ƙaro ilimi, zai ƙare a ƙarshen Yuni. In bai kammala aikin ɓerayensa kafin nan ba, babu digiri, zancen ke nan. Dogo, mara magana, komai aka ce sai “to, Dakta.”

Na shimfiɗa masa doka. Ranar aiki babu shayi, babu goro, babu hawa mashin, duk suna sa hannu rawa. Ya ce to.

Ya ɗaga kujerar madubi har ƙarshe saboda tsawonsa, ya tafi ya bar ta haka. Na zo zama ƙafafuna suna lilo. Mtsw.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Junaid yana koyon ɗinki a kan yagaggiyar safar hannu, sai jijiyar fiffiken kaza. Mai kajin kasuwa ya ɗauka matarsa ce ke kwaɗayin fiffike. Ashe mashin ɗin ma gaba ɗaya ya jingine, a keke yake zuwa, wani lokaci a ƙasa. Na ce ai ranar aiki kawai na ce. Ya ce, “Gara hannun shi saba, Dakta.”

Ɗinkinsa ba laifi. Ban gaya masa ba, kada kai ya kumbura.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Nawa rukuni na uku ma sun rayu. Har yanzu ban rasa ko ɗaya ba. Farfesa ya kawo baƙi suka leƙa madubi, yana cewa duk ƙasar nan a nemo mai hannuna. Na sunkuyar da kai, amma wallahi na ji daɗi.

Kujera kuma. Yau ma. Na faɗa, na sake faɗa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Junaid ya so ya fara nasa ɓerayen yanzu, ya ce lokaci na gudu. Na hana. Azumi ya zo, ba zan bari mai azumi ya yi ɗinkin da ya fi gashi siranta ba, da la'asar hannun kowa karkarwa yake. Na ce ya ɗaure bututun a tsakiyar azumi, wannan ba wuya, babban aikin sai bayan Sallah. Ya ce to.

Lahadi, 16 ga Maris

Zafi ya sauka. Esin da ke sanyaya ɗakin jinyar ɓeraye ya mutu, an ce a rubuto takarda. An rubuta. Sai fanka.

Talata, 8 ga Afrilu

Ranar Junaid. Na tsaya a bayansa daga farko har ƙarshe, bakina cike da gyara, na rasa inda zan sa shi. A hankali yake, kamar mai shigar da zare a allurar tsohuwa, amma bai yi ko kuskure ɗaya da na gani ba. Da ya rufe cikin na biyu ya ɗago, gumi har a gira, yana murmushi. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai yau.

Na ce ya ɗora su a tabarma, ya kula. Jinyar ɓerayensa aikinsa ce, ni na wuce aji.

Sitiyarin mota saboda zafi sai da na sa gefen mayafi na iya riƙewa. Sakkwato ke nan.

Laraba, 9 ga Afrilu

“Dakta, dut sun tahi.”

A bakin ƙofa Junaid ya tare ni da ita.

Talata, 15 ga Afrilu

An sake, sun sake mutuwa. Na buɗe ɗaya da kaina. Ɗinkin yana nan daram, ban ga jini ba, ban ga yoyo ba. Amma dole akwai inda ya taɓa da ƙarfi, hanta ba ta son a dame ta, ba komai ido ke gani ba. Nawa ai ba su mutu ba. Tebur ɗaya, madubi ɗaya, zare ɗaya. Me ya rage in ba hannu ba?

Na tambaye shi ko ya ɗumama su yadda ya kamata. Ya ce kamar yadda kinka koya min. Na ce to a ƙara kula, ɓeran da ya daɗe a kan tebur ya fi saurin yin sanyi, shi kuma ya cika daɗewa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na leƙa ɗakin jinya na ga ya murɗa tabarmar har ƙarshe, ya kuma kawo tawul daga gida ya lulluɓe kejin. Ya kashe fankar ma don kada iska ta buge su, shi yana zaune a gefe rigarsa sharkaf. Ƙoƙari kam yana yi. Ƙoƙari daban, baiwa daban.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Raina a ɓace yake tun safe, mai ruwa bai zo unguwarmu Minanata ba, da jarka ɗaya muka yi komai. Ina isa na tarar da wasu gawarwakin. Rai ne fa waɗannan, ba gyaɗa ba.

Farfesa ya kira mu ofis, ya tambaye ni ra'ayina tsakani da Allah. Junaid na tsaye a gefen ƙofa, hula a hannu. Na ce, ranka shi daɗe, wanga aiki ba na kowa ba ne. Junaid yana da ilimi, yana da ladabi, amma ba shi da hannu. Na juya na gaya masa a fuska, don ba na son zancen bayan ido: “Ba ka da hannu, Junaid. Ba laihi na ba, halitta ta.”

Farfesa ya yi gyaran murya. Ya ce a canza masa aiki, a ba shi na zagayawa da takardar tambayoyi a ƙauyuka, amma sai an koma farko, wata biyu ba za su isa ba.

Junaid ya dubi tafin hannunsa, ya juya bayansa ya duba. Ya ce, “Na gode, Dakta.”

Gaskiya ɗaci gare ta. Gara ni in faɗa da wani ya ɓata masa shekaru.

Litinin, 5 ga Mayu

Junaid ya kawo makullin ɗakin bincike. Ya rubuta wa ma'aikata ya koma bakin aiki, sun tura shi duba nama a mayanka. Ya nuna mini ɓerayen da suka rage, waɗanda ya riga ya ɗaure wa bututu, ya ce kada su tafi a banza. Ya ce in yafe masa dabbobin da ya ɓata mini.

Na ce ba komai.

Da ya fita na ga ya sauke kujerar daidai tsawona. Yau kaɗai ya tuna.

Talata, 13 ga Mayu

Jiya na yi wa biyu daga cikin ragowar aiki da hannuna. Yau duk matattu.

Laraba, 14 ga Mayu

Wataƙila ɗaurin da ya yi musu tun farko ne bai yi ba. Ko sun daɗe da yawa. Ko abincin, an canza mai kawowa. Na sake yin biyu jiya da na huce, yau ɗaya ya tafi, ɗayan na kwance yana haki, kafin azahar ya bi shi.

Ban gaya wa Farfesa ba tukuna.

Juma'a, 16 ga Mayu

Jiya ina tsakiyar aiki taransifomar unguwa ta yi ƙara, wuta ta ɗauke. Madubi yana kan inbata, shi ya sa na iya ƙarasawa, amma soket ɗin ɗakin jinya ba ya kai. Tabarma sanyi ƙalau. Na yi ta masifa ni kaɗai, na ajiye ɓerayen a kejinsu haka nan, na ce waɗannan kam na kashe su da hannuna. Ko tuwo ban iya ci ba.

Da safe na zo da leda a hannu don in kwashe gawa. Na tarar da ɗaya yana wanke fuska, ɗayan yana shan ruwa.

Na daɗe a tsaye da ledar nan.

Asabar, 17 ga Mayu

An gyara wuta. Na biya kemis na sayi ma'aunin zafi irin na jarirai. Na kunna tabarmar, na ɗora keji babu kowa, na rufa tawul ɗin Junaid da ya manta, na kashe fanka, yadda yake yi. Na fita na ba shi lokaci. Da na dawo ma'aunin ya ƙure, ya ƙi ma nuna lamba. Na sa hannu ciki na zare.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

A Holan ɗakin tiyata sai da rigar sanyi. Tabarmarsu kuma tana haɗe da wata 'yar waya da ke jikin ɓera, in ya yi ɗumi ta kashe kanta. Tawa babu wannan, na ce ba dole ba ne. Nawa ɓerayen a Janairu da Fabrairu na yi su, lokacin da muke kwana da bargo, esi yana aiki. Nasa kuwa ni na tura su Afrilu. Ni na ce bayan Sallah. Garin da ƙwai zai dahu a kan bonet, ni na tsaya ina cewa a ƙara ɗumi, shi kuma yana cewa to.

Gasa su muka yi ta yi. Duk mutuwar da aka yi sai ya ƙara wuta, don na ce sanyi ne.

Litinin, 19 ga Mayu

Na ɗauko kwalaben da ya adana hantar ɓerayensa a ciki, kowace da rubutunsa ƙanana a jiki. Na sa su a madubi ɗaya bayan ɗaya, na jera da nawa. Tazarar ɗinkinsa daidai wa daida, ƙullin a kwance, bai ja nama ba ko kaɗan. Nawa na Janairu akwai inda ya karkace.

Na gani fa tun ranar. Na rubuta a nan da hannuna, ɗinki daram. Na gani na ƙi gani.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na gaya wa Farfesa. Ya cire tabarau ya murza ido. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce in Junaid ya dawo kafin ƙarshen Yuni zai san yadda zai yi da makaranta, ma'aikata kuma sai a roƙa.

Na buɗe lambar Junaid sau nawa yau. Irin wannan magana ba ta waya ba ce.

Asabar, 31 ga Mayu

Ban je wurin Junaid ba. Jarrabawa, ga hidimar Sallah. Ba na kunna tabarma yanzu, ɗan gyale kawai sai sun farka, ga ruwan sanyi a gefe. Ban sake rasa ko ɗaya ba. Ko daɗinsa ba na ji.

Asabar, 14 ga Yuni

Na je mayanka da sassafe. Ban taɓa shiga ba. Ihu, ƙarni, ruwa na gudu a ƙasa, mahauta suna kallon takalmina. Can na hango shi, ya fi kowa tsawo, farar riga da takalmin roba, ana ajiye masa hantar shanu a kan dakali yana tsagawa yana duba tsutsa. Mashin ɗinsa na jingine a bakin ƙofa, ga kofin shayi a kan taga.

Da ya gan ni ya rikice, ya rasa inda zai sa wuƙar. Ya samo mini benci a bayan gini inda hayaniya ta yi sauƙi. Na gaya masa komai, tabarma, tawul, ma'auni, ranar da wuta ta ɗauke. Na ce nawa ma sun mutu. Na ce na duba ɗinkinsa, ya fi nawa. Na ce Farfesa yana jira.

Ya kalli ƙasa. Na zaci zai yi fushi, wallahi na shirya wa fushin.

“Allah shi saka da alheri, Dakta. Kina son ki hwaranta min rai na.”

Na ce ba faranta rai ba ne, ya zo ya leƙa madubin da idonsa. Ya girgiza kai. Ya ce wurin hutun karatun an riga an ba wani abokin aikinsa, shi da bakinsa ya ce a ba shi. Sannan ya ce akwai abin da ban sani ba. Makon jiya botin rigarsa ya cire, ya ɗauki allura zai mayar, sai da matarsa ta karɓa. Ya miƙo mini hannun, ya haɗa babban yatsa da manuni yadda na koya masa riƙon hantsaki.

Yana rawa. Na gani da idona.

“Tun ranar da kinka hwaɗa. In wuƙa ta, lahiya lau. Da na riƙa ƙaramin abu sai shi tuna. Ai kin riga ni gani na, Dakta.”

Na tsaya a bayansa ranar takwas ga Afrilu daga farko har ƙarshe. Hannun nan ko motsi bai yi ba.

Aka kira shi, an kawo wata saniya. Ya ce in jira, ya dawo da hanta a leda, ya ce a soya wa yara, ya duba ta da kansa, mai kyau ce. Na karɓa.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na kai wa Yaya Hindu hantar, ni ba zan iya ba. Na ba ta labari tun daga Janairu. Yau babu zolaya.

“Kin roƙi gahwara?”

Na ce na yi masa bayani duka, ban ɓoye komai ba.

“Ban tambai ki bayani ba, Sadiya.”

Ta ce magana zarar bunu ce. Na ce na sani. Ta ce da kin sani. Na tashi na shiga ɗakin Inna na zauna, har aka kira la'asar.

Laraba, 18 ga Yuni

Na tura masa saƙon murya. Na goge na farko da na biyu, duk bayani ne. Na ukun gajere: Junaid, na zalunce ka, ka yafe mini. Ranar Talata akwai aiki, ba sai ka ɗinka ba, ka zo ka zauna ka leƙa kawai.

Ya amsa kafin azahar. “Ba komi, Dakta. Na yahe tun ranar.” Bai ce komai a kan Talata ba.

Talata, 1 ga Yuli

An yi ruwa jiya, garin ya yi sanyi. Yuni ta wuce. Farfesa ya leƙo, bai tambaya ba, ban faɗa ba.

Makon jiya ban fara aiki ba sai wajen sha ɗaya, yau ma haka. Iskar sa barci ce nake jira ta daidaita, kuma ba sauri nake ba. Duk mashin ɗin da ya tsaya a waje sai na ji shi, ɗakin nan ba ya tare ƙara.

Kujerar madubi tana sama har ƙarshe. Ni na ɗaga ta wancan makon ina share ƙarƙashi, abin sauke ta kuma da tauri, ba zan tsaya kokawa da shi ba. Na naɗe tabarmar na sa a kwalinta, na tura kwalin ƙarƙashin tebur, a kai nake ɗora ƙafa.

Ɓerayen yau biyu sun farka. Talata mai zuwa ma akwai aiki, na tura masa.